Shayina Ya Koma Maganin Ciwon Baya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sani ne daga Ruwan Godiya.

Saboda zafin bana, nakan jiƙa ganyen shayi a gorar ruwa, in jefa cikin randa ya kwana, da safe in tace in sha da sanyinsa. Rannan Baba, mahaifina, ya ɗauka jiƙon magani ne, ya shanye tas. Washegari ya shaida wa abokansa wai bayansa ya saki.

Yanzu kullum dattawan unguwa na ƙofar gidana da kofuna. Na rantse musu shayi ne kawai, Baba ya ce, "Kai dai rowa gare ka."

Don Allah Malam, ka faɗa musu da bakinka, kai suke ji. Ni ko kurɓi ban ƙara samu ba!