Hasken Da Ya Yaudare Mu

Shugabar wannan ƙungiya, Uwargida Solveig Brandvold. Likitocin da suka taso daga Bergen da Tromsø. Iyayen yara masu ciwon shanyewar tsoka da kuka cika zauren nan: ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka ba ni dama in tsaya gabanku, ko da yake ban zo da abin da kuke jira ba.

Da farko, ku tuna yadda muke aiki. Ƙwayar gadon da ke gina tsoka ta yi barci a jikin 'ya'yanku. Mukan ɗauko sinadarin da ke sa maƙesu, ƙwaron nan mai haske da dare, walƙiya, mu ɗaura shi a jikinta cikin ƙwayoyin jikin mutum da muke reno a faranti. In ta farka, farantin ya yi haske, na'ura ta auna. Bara na tsaya a nan na ce magani na goma sha bakwai cikin waɗanda muka gwada ya ninka hasken sau shida. Kun tafa, wasunku sun yi kuka.

Na biyu shi ne mai ɗaci. Wata uku da suka wuce, abokiyar aikina Torunn ta ce da ni, "Eivind, kai dai da ɗoki! Cire ƙwayar gadon gaba ɗaya, ka bar sinadarin kaɗai mu gani." Na ce, "Haba Torunn, ba ki gajiya da ɓata wa mutum rai?" Muka cire, muka sake zuba maganin. Jama'a, duk da haka hasken ya tashi sau shida! Ashe maganin bai taɓa ƙwayar ba, sinadarin ƙwaron ya maƙale wa, ya hana shi lalacewa, ya yi ta taruwa. Gwajin yini biyu ne, ni kuma ban yi shi ba, saboda ina son abin da na gani.

Don haka gwajin maganin da muka shirya yi wa yara a watan Afrilu, ba za a yi shi ba. Laifina ne, kuma ina jin kunya.

Uwargida Ragnhild, kina layi na uku. Bara kin tambaye ni, "Likita, in faɗa wa 'yata Sunniva za ta hau bene da ƙafarta?" Na ce ki faɗa mata. In kin yarda, ni zan je in warware mata, kada ki ɗauki wannan nauyin.

Ubangiji ya ba ku haƙurin da ban cancanta ba, ya ba yaran nan lokaci, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.