Matar da ta tsaya a bayan gilashin saidaliyya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Shugaban wannan zama, Baba Alhaji Abdulghaffar. Malamanmu da limaman unguwanni. Iyayena mata na Ruwais da suka goya ni. 'Yan uwa da suka taso daga Ammariyya da nan Madain Fahd, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Chadi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Zubaidatu 'yar Malam Isha'aku tela, haifaffiyar Jidda. Ina godiya ga Allah, ina godiya gare ku da kuka bar sana'o'inku kuka taru domin na kammala horon ƙwarewa a kan haɗa magungunan ciwon daji. An ce in faɗi abin da na koyo, in kuma ja hankalin matasa. Zan yi, amma ku yi haƙuri, akwai labari a ciki wanda ban taɓa ba wa taro ba.

Da farko, mene ne wannan horo? Bayan mutum ya gama digirin harhaɗa magunguna, ya yi aiki a asibiti, sai a zaɓe shi ya sake komawa ɗalibi a ƙarƙashin manya, ya koyi magungunan daji kaɗai. Waɗannan ba irin na saidaliyya ba ne, wato kantin maganin bakin titi. Magani ne da ke kashe cuta, idan kuma aka ƙara ɗigo fiye da kima ya kashe mai cutar. Ana haɗa shi a wani ɗaki can ƙarƙashin bene, ɗakin da ba taga, ba hasken rana, sanyi kamar cikin randa. Kafin ka shiga sai ka rufe kai, ka rufe hanci, ka sa safar hannu a kan safar hannu. Ba ka jin kiran salla, ba ka jin mota, sai gurnanin injin da ke zuƙe iska. A bango akwai gilashi mai kauri da ƙaramin akwati inda muke miƙa maganin, bayan gilashin kuma wani siririn lungu ne da ba mai shigarsa sai da katin aiki.

Malamina, Dakta Abdulghani, dattijo ne ɗan Sudan mai ƙarancin magana. Yakan ce mana duk jakar ruwan da muka ɗauka akwai mutum a ƙarshenta, don haka kafin mu haɗa mu san nauyinsa, mu san hantarsa, mu san ƙodarsa, mu san duk abin da yake haɗiya a gida.

Na biyu, labarin da na ce zan ba ku.

Akwai wani bawan Allah mai suna Ubale, direba, mutumin Damagaram, ya daɗe a garin nan da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa. Dajin jini ya kama shi. Likitoci suka rubuta masa wani magani ruwan ɗorawa, mai ƙarfi ƙwarai, wanda ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi daga jiki. Idan ƙodar ta gaza, maganin ya zauna ya cinye mutum daga ciki. An gwada jininsa a farkon mako, komai lafiya. An tambaye shi ko yana shan wani abu, wakilin kafilinsa ya amsa da Larabci cewa babu. Ni a lokacin ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Ranar da za a ba shi, bayan azahar, ina zaune hannuwana cikin akwatin haɗa magani, na zuƙo ruwan ɗorawar nan a sirinji. Abokiyar aikina ta fita salla. Sai na ji kamar ana kallona. Na waiga.

Wata dattijuwa ce tsaye a bayan gilashin. Ba abaya a jikinta, zane ne na shuni ta yafa irin na tsofaffinmu, da tsage a kumatunta biyu, idonta na hagu fari fat. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. Jama'a, gilashin nan ko ihu aka yi ba ya wucewa, sai da na'urar magana muke jin juna. Amma na ji muryarta a kusa da kunnena, a hankali, da Hausar Damagaram:

"Ɗiyata, dakata. Tambayi Ubale abin da ke cikin aljihunsa."

Na ajiye sirinjin. Kafin in cire safar hannu in zagayo ta ƙofofin nan, lungun ba kowa. Mai gadin lungun yana kan kujerarsa, ya rantse mini ba wanda ya wuce shi tun da aka yi salla. Na koma na duba gilashin. Shatin tafin hannu yana nan, kamar na wanda ya dafa da gumi, ina kallo yana ɓacewa.

Na sami Dakta Abdulghani. Ban ce masa na ga kowa ba, don na san yadda za a ɗauke ni. Na ce ina so in ga mara lafiyar da kaina kafin in ƙarasa, tunda yarenmu ɗaya. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce yalla, maza in je, magani zai jira.

Na tarar da Ubale a kwance, ramamme, fuska a kumbure. Da na gaishe shi da Hausa sai idonsa ya kawo ruwa. Na ce, Kawu, me ke cikin aljihunka? Ya kalli ƙofa ko wakilin yana nan, sannan ya zaro wani ƙullin leda. Ƙwayoyin ciwon jiki ne da wani aboki ya sayo masa a kasuwa, da garin wani sassaƙe. Tun bayan gwajin jinin yake shan su safe da yamma, saboda ƙashinsa na ciwo, yana kuma tsoron in ya yi ƙorafi kafili ya ce ya zama kaya, a mayar da shi gida. Irin ƙwayoyin nan su ne ke toshe wa maganinmu hanyar fita. Aka sake ɗibar jini nan take. Ƙodarsa ta riga ta fara gazawa. Dakta Abdulghani ya karanta sakamakon, ya ce da jakar nan ta shiga jikinsa, da wuya ya ga Juma'a mai zuwa.

Da yamma Ubale ya tambaye ni wa ya gaya mini. Na kwatanta masa matar, zanen, tsagen, da idon. Ya tashi zaune duk da raunin da yake ciki.

"Wannan Zeinabou ce, yayata," in ji shi. "Ita ta raine ni. Ni na sa ta a kabari da hannuna a garin nan, tun kina ƙarama."

Malamanmu suna zaune, ba zan yi musu shisshigi ba. Ban ce matattu na dawowa ba. Ko gajiya ce, ko mafarkin ido biyu, ko wani abu daga cikin rundunar Allah da ba mu sani ba, Shi ne masani. Na faɗi abin da na gani ne kawai. An jinkirta maganin har ƙodar ta farfaɗo, aka sa wa Ubale ya samu sauƙi, ya koma Damagaram da ƙafarsa, yana can cikin jikokinsa. Ni kuwa har na gama horon ban ƙara zama a ɗakin nan na juya wa gilashin baya ba.

Na uku, roƙona, kuma gajere ne. Iyaye, ku bar 'ya'yanku su shiga wannan karatu, maza da mata, domin a asibitocin garin nan akwai mutanenmu kwance da ba wanda ke tambayarsu da harshen da suke jin ciwo da shi. Masu jinya, duk abin da kuke sha, jiƙo ne, ƙwaya ce, rubutu ne, ku faɗa wa mai haɗa muku magani, ba mai kama ku, ba mai kai ku ga kafili. Ubale ya samu wadda ta yi magana a madadinsa. Ban san ko za a aiko wa kowannenmu irinta ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah Ya jiƙan waɗanda muka binne a wannan ƙasa nesa da garuruwansu, Ya haskaka makwancin Zeinabou. Allah Ya tsare hannuwanmu daga kuskure, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.