Cajar Batir Ce, Ba Bam Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Usman daga Pantami, bara na gama karatun lantarki.

Talatar da ta wuce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, na ɗauko cajar da na haɗa da hannuna zan kai wa kawuna a Arawa, batirin motarsa ya sauka. A shingen bakin kasuwa 'yan sintiri suka buɗe jakata. Wani ya hango wayoyi, ja da baƙa, ya ƙwala ihu, "Bam!" Jama'a suka watse, aka kwantar da ni a ƙasa.

Na ce wa babbansu, "Yallaɓai, caja ce. Wutar gida take karɓa, ta rage mata ƙarfi, ta tura ta cikin batir ta hanya ɗaya. In ba a jona ta ba, ko ƙwan fitila ba ta kunnawa."

Ya ce, "Injiniya, rufe mana baki!" Suka sake ni, suka riƙe cajar.

Na san halin tsoron da muke ciki, amma yanzu Mai Bam ake ce mini a layinmu, kuma ban yarda ba. Na fara haɗa wata, ta shingen nan zan bi da ita.

Har yau ban san wanda ya yi ihun ba. Ban san inda cajata take ba. Ban kuma san batirin wa take yi wa caji ba.