Ɗorawar Gwaggo Kande

Mutumin ya sayi gona, ya sare ɗorawar da ke cikinta, ashe ba tasa ba ce. A tashar Daura na ji maganar, muna jiran motar Dutsi. Yana rungume da dashen ɗorawa a leda, ruwa na ɗiga kan rigar wani dattijo.

"Malam, janye ledar nan, ka ɓata min riga."

"Yi haƙuri, Baba, dole aka yi min. Ɗorawar gonata na sare na sayar wa masu gidan burodi su hura wuta. Sai ga wata tsohuwa, Gwaggo Kande, wai gadonta ce, da kalwarta take daddawa. Ta kai ni ƙara wurin mai gari."

"To ai ƙasa ka saya, ba itace ba! Kai ɗan ina ne?"

"Wa ya faɗa min? Inuwarta na kashe min gero!"

"Kwaɗayi dai. Ku ne kuka mayar da ƙasar nan fili fetal."

"Baba, kai mece ce sana'arka?"

Dattijon ya gyara hula. "Gidan burodi gare ni. Amma busasshe nake saya."

"Haka wanda ya kwashi tawa ɗanya shar ya ce!"

"To, me mai gari ya yanke?"

"In dasa wannan a gurbin waccan, in yi ta ban ruwa. Kuma duk shekara in kai mata kalwa, har ta fara 'ya'ya."

"Ai kafin nan tsohuwar ta rasu."

"Na faɗa mata. Ta ce tana da jika."