Almakashin Mutanen Kudu

A tashar mota ta Los Angeles, wata tsohuwa ta ƙura wa mutumin da ke gefenta ido.

"Ɗana, ba kai ne Lucius na fim ba? Mai zare ido ɗauke da tire?"

"Ni ne, Iya. Rage murya."

"Yau babu kyamara ma kake rawar jiki?"

"Sabon fim ne. Wannan karon ba yaron gida na fito ba, likita na fito. Har na riƙe hannun Baturiya ina duba ta."

"Baƙin mutum likita? Ai abin guɗa ne!"

"Ranar Asabar za a haska shi a garinmu, can Mississippi a Kudu. Mahaifiyata ita kaɗai ce a gida, kuma kowa ya san ƙofarta. In Turawan garin suka ga na taɓa Baturiya, a kanta za su huce."

Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Ai Turawan Kudu yanke irin wannan wurin suke yi kafin su nuna."

"In mai almakashin ya yi sakaci fa?"

"Ɗauko ta za ka yi?"

"In motar nan ta riga fim ɗin isa. Shekara da shekaru ina kuka suna yanke ni, Iya. Yau roƙon Allah nake ya ƙara wa almakashinsu kaifi."