Idon Ɗayyabu da Linkin da Ya Ƙi Buɗewa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Muhammad Nazir. Shugabar ɓangaren mata ma'aikata, Hajiya Zulaihatu. Manajojin kamfanoni da suka baro ofisoshinsu. Takwarorina jami'an kula da lafiyar ma'aikata na Sharada da Challawa da Bompai. 'Yan'uwana masu aiki a kan injina, waɗanda suka zo da kayan aiki a jikinsu. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum warahmatullah.

Sunana Uwaisu Abdulwahid. Shekarata goma sha ɗaya ina kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin jima a Challawa. Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama, ina kuma godiya a gare ku da kuka zauna cikin zafin nan don ku saurare ni. A takardar taro an rubuta zan yi magana kan amfanin kwamfuta wajen adana bayanan kariya. Ku gafarce ni, wancan jawabin na baro shi a gida. Mako uku da suka wuce, kemikal ya fallatsa a idon hagu na wani ma'aikacinmu, Ɗayyabu, mutumin Jigawa mazaunin Panshekara, uban 'ya'ya huɗu. Daga ranar har yau ban dawo daidai ba. A kan idon Ɗayyabu zan yi magana.

Da farko, bari ku ji yadda muke aiki. A kwamfutar ofishina akwai manhajar rubuta bayanai, irin wadda da yawanku kuke amfani da ita. Kowane kemikal da muke da shi a sito yana da shafinsa, kuma a ƙasan shafin akwai linki, wato shuɗin rubutun nan da ake dannawa. Idan ka danna, sai ya buɗe maka takardar da ta zo da kemikal ɗin, inda aka rubuta abin da za a yi idan ya taɓa fata, idan ya shiga ido, idan an shaƙe shi. Linki ɗari da goma sha bakwai ne. Ina alfahari da su ƙwarai. Duk baƙon da ya shigo kamfaninmu sai na ja shi ofis na nuna masa yadda suka jeru. Nunawa nake yi, jama'a, ba dannawa ba.

Na biyu, ranar da abin ya faru. Talata ce, sha ɗaya saura na safe. Ɗayyabu yana buɗe gangar wani kemikal na cire gashi daga fata, wanda ba mu cika amfani da shi ba, sai murfin ya ɓalle. Abokan aikinsa suka zuba masa ruwa buta ɗaya, suka ɗaure idon da hankici. Na san ana wanke ido. Amma na taɓa jin akwai kemikal ɗin da ruwa ke ƙara masa ƙarfi, sai tsoro ya kama ni, na ce kada a ƙara komai sai na duba. Na ruga ofis, na buɗe shafin, na danna. Shiru. Na sake dannawa, sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba a sami fayil ɗin ba. Na danna na sama da shi, haka. Na danna na ƙasa, haka. Na danna biyar, na danna goma, ba wanda ya buɗe ko ɗaya. Ga muryar Ɗayyabu tana shigowa ta taga yana salati. Na fito na ce a sa shi a mota. Minti arba'in muka yi a cunkoso, idon yana ɗaure, kemikal yana ci.

A asibiti likita ta yi mini tambaya ɗaya: "Minti nawa kuka yi kuna wankewa?" Na ce buta ɗaya. Ta ajiye bironta ta dube ni. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na uku, kuma a nan nake roƙon ku buɗe kunne. Washegari na kira Malama Badi'a, mai kula da kwamfutocin kamfaninmu, raina a ɓace. Na ce manhajar nan ta lalace, ta ci amanarmu, a goge ta yau. Ta ce, "Malam Uwaisu, ku zauna tukuna mu gani." Ta nemi wani linki mai kai mutum intanet ta danna, ya buɗe nan take. Ta ce to manhajar lafiyarta ƙalau. Ta buɗe wata takarda kai tsaye, don ta ga ko kwamfutar ta manta da abin da take buɗe irin waɗannan takardu da shi, takardar ta buɗe. Ta duba ko tsaron kwamfutar ne ya toshe hanya. Ba shi ba ne. Sannan ta ɗora kibiya a kan shuɗin rubutun, ta buɗe cikinsa, ta karanta abin da ke ɓoye a ƙarƙashi. Ta ce mini linki ba ya ɗauke da takarda, kwatance kawai yake ɗauke da shi, kamar ɗan aiken da aka ce ya je layi kaza, gida kaza. Idan aka canza sunan layin, zai dawo ya ce bai gani ba, alhali gidan yana nan.

Kwatancen ya ce takardun suna cikin folda, wato jakar ajiye takardu a kwamfuta, mai suna "Malam Mamman Sito". Ta nema, babu. Ta ƙara nema, sai ga foldar, takardunta cif ba wadda ta ɓata, amma sunanta ya koma "Marigayi Malam Mamman Sito, Allah Ya Jiƙan Sa". Ta juyo ta ce, "Wa ya taɓa sunan nan?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne.

Wasunku sun san Malam Mamman. Shekara ashirin da shida yana riƙe da sitonmu. Shi ya tattara takardun nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aka ɗauki hotonsu, shi ya sa foldar take da sunansa, kamar yadda a kamfanoninmu inji da ɗaki da kabad duk da sunan mai su muke kiran su. Da ya rasu wata bakwai da suka wuce, mun dawo daga addu'ar uku, na kunna kwamfuta na ga sunansa a tsaye kamar yana raye. Zuciyata ta ƙi. Na ce bai kamata a riƙa ambaton dattijo haka gatsau ba bayan ya koma ga Ubangijinsa. Na ƙara masa Marigayi, na ƙara masa addu'a, na tashi ina jin na yi abin kirki. A wannan daƙiƙar linki ɗari da goma sha bakwai suka yanke, kuma launinsu bai canza ba, ba su yi ƙara ba, ba wanda ya sani. Wata bakwai mutum ɗari biyu suna aiki da kemikal a ƙarƙashin kulawata, babu takarda ɗaya da za ta buɗe.

Malama Badi'a ta mayar da tsohon sunan. Ko minti ɗaya ba ta yi ba, duka suka dawo. Na danna na wannan gangar da hannuna. An rubuta a wanke idon da ruwa mai gudu na aƙalla minti talatin kafin a motsa da mutum, kuma kada a ɗaure.

Saboda haka ina roƙonku, ya ku takwarorina. Yau, kafin ku wuce gida, ku danna linkinku ɗaya bayan ɗaya, kuma ku riƙa yin haka kowane wata. Idan ya ƙi, kada ku tsaya zagin manhaja kamar yadda na yi. Ku buɗe cikinsa ku karanta kwatancen, ku ga ko an canza suna ko an matsar da folda. Ku raɗa wa folda sunan aiki, ba sunan mutum ba, domin mutum yana yin ritaya, yana zama Alhaji, yana rasuwa, kuma duk lokacin wani mai ladabi zai so ya gyara. Na ga wasu a baya sun sunkuyar da kai. Na san ba ni kaɗai ba ne. Sannan duk abin da ran mutum ko idonsa ya rataya a kai, ku buga shi a takarda ku manna a bango kusa da gangar.

Shekaranjiya aka kwance wa Ɗayyabu bandeji. Idon hagu ya tafi, likita ta ce ba zai dawo ba. Na zauna a bakin gadonsa na gaya masa komai, ban rage ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Oga, a takardar me aka rubuta?" Na ce ruwa, minti talatin. Sai ya ce, "Ruwa kawai? Ai famfo yana bayana, Oga. Taku uku ne."



Allah ya ba Ɗayyabu haƙuri, ya tsare masa idon da ya rage. Allah ya jiƙan Malam Mamman, wanda ya yi nasa aikin daidai. Allah ya yafe mini. Allah ya kare duk wanda ke fita da safe zuwa Sharada da Challawa da Bompai, ya mayar da shi ga iyalinsa da gaɓoɓinsa cikakku. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Na gode.