Awo Ya Tsaya a Bakin Durowa

Wani kafinta yana zaune a bencin shagon kayan gini, sai ya ga dattijon da ke gefensa yana ta juya igiya mai ƙulli biyu.

"Baba, awon mene ne wannan?"

"Ɗakina. Silin zan sa, irin na ratayawa. Ga faɗi, ga tsawo. Allo nawa zai ci?"

Kafinta ya warware igiyar ya duba. "Daga bango zuwa bango ka auna?"

"Daga bango zuwa bakin durowa."

"Haba Baba! Ai silin ta saman durowa zai wuce. A ƙara layi guda na allo, da ƙarfe da wayarsa. Kuma tunda ƙasa zai sauko, in akwai kaya a kanta sai an kwashe su."

"Akwatunan mai ɗakina ne, Allah ya ji ƙanta. Yadda ta jera su, haka suke. Kullum tana kukan zafin kwanon rufi, ni kuwa ina cewa sai baɗi."

Kafinta ya naɗe igiyar a hankali, ya miƙa masa.

"Koma ka auno mini daga saman akwatunan zuwa kwano, Baba. Silin ne zai matsa, ba su ba."